Kafin Ka Sayi Madubin Hangen Taurari, Duba Mazauninsa

A 'yan shekarun nan madubin hangen taurari, wanda Turawa ke kira talaskof, ya fara shigowa zangunanmu. Wasu 'yan uwansu da ke Jamus ko Italiya ko Amurka ne ke aiko musu da shi, wasu makarantu kuma iyayen yara ne ke yin karo-karo su saya wa ƙungiyar kimiyya. A jikin kwalinsa za ka ga hotunan taurari ja da shuɗi masu ɗaukar ido. Ranar da aka kafa shi, sai yaro ya manna wayarsa ko kyamara a bakinsa yana tsammanin samun irin waɗannan hotuna, amma abin da zai fito sai zane-zanen haske kamar kaza ta yi tono. Daga nan sai a ce an cuce mu da jabu, a tura shi ƙarƙashin gado, kuɗi sun tafi.

To, sau da yawa gilashin ba shi da laifin komai. Matsalar tana wurin abin da madubin ke zaune a kai, watau ƙarfen nan ko katakon da ke riƙe da shi yana juya shi, wanda a wannan rubutu za mu kira mazauni. Mai son kallo da ido kawai, kusan kowane mazauni mai ƙarfi ya ishe shi. Mai son ɗaukar hoto kuwa, mazauni shi ne farkon abin da zai tambaya, kafin ma ya tambayi girman gilashi.

Dalili shi ne duniya ba ta tsaya cik ba. Tana kammala juyi ɗaya cikin awa 23 da minti 56, don haka muke ganin taurari suna tafiya daga gabas zuwa yamma, digiri 15 a kowace awa. Faɗin wata a sama rabin digiri ne. Ke nan tauraron da ke bisa kanmu yana cin tazarar faɗin wata cikin minti 2 kacal. Ido ba ya damuwa da wannan, in tauraro ya fita sai ka ɗan tura madubi ka sake kamo shi. Kyamara kuwa tara haske take yi kamar yadda ake tara ruwan sama a randa. Wata da manyan taurari masu haske ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, cikin ƙiftawar ido randa ta cika. Amma gajimaren taurari da garkunan taurari na nesa yayyafi ne, sai an bar idon kyamara a buɗe minti da yawa, wani lokaci a tara awoyi. Idan mazauni bai bi tafiyar sama daidai ba cikin wannan lokaci, kowane ɗigon tauraro sai ya zama layi.

Masu wannan sha'awa suna da wani lissafi na kusa-kusa. Ka raba 500 da lambar milimitar da ke rubuce a jikin gilashin kyamara, abin da ya fito shi ne yawan daƙiƙar da za ka iya buɗe ta ba tare da bin sama ba. Gilashi mai milimita 50 zai ba ka daƙiƙa 10. Madubin hangen taurari mai milimita 1000 kuwa rabin daƙiƙa kawai. Da kyamarorin yanzu masu tsananin gani ma gara a raba 300.

Mazaunin sama-da-gefe

Wanda aka fi aiko mana shi ne mai motsi biyu: sama da ƙasa, dama da hagu, kamar yadda mutum ke juya wuyansa. Yana da araha, ba shi da nauyi, yaron aji huɗu ma zai iya kafa shi. Sarkin wannan dangi shi ne mazaunin Dobson. John Dobson, wanda aka haifa a ƙasar Sin a 1915 ya rasu a Amurka a 2014, ya yi suna tun ƙarshen shekarun 1960 wajen ƙera manyan madubai da katako da bututun kwali da gilasan tagogin jiragen ruwa, yana kafa su a bakin titin San Francisco don masu wucewa su leƙa kyauta. Mazauninsa akwatin katako ne kurum mai juyawa a kan faifai. Kuɗinka kusan duka a gilashi suke tafiya, shi ya sa a wajen kallo da ido babu wanda ya kai shi riba. Makarantar da burinta yara su ga ramukan wata da zoben Zuhal da idanunsu, ba mu da shawarar da ta wuce wannan.

Da shi ana iya ɗaukar hoton wata, har da Mushtari da Zuhal, domin suna da haske ƙwarai. Dabarar ita ce a ɗauki bidiyo yayin da tauraron ke ratsa gilashi, sannan a ba kwamfuta ta zaɓi hotunan da iska ba ta girgiza ba ta haɗe su. Manhajoji irin su AutoStakkert da RegiStax kyauta ne. Sai dai Mushtari yana juya kansa cikin ƙasa da awa 10, don haka bidiyonsa kada ya wuce minti 2 ko 3, in ba haka ba zanen jikinsa sai ya dushe. A nan Allah Ya hutar da mu, domin a ƙasashenmu na kusa da ikwaita waɗannan taurari kan bi ta tsakiyar sama, inda iska ta fi siranta, alhali mutumin Ingila yakan yi shekaru yana hangen Zuhal can ƙasa kusa da rufin gidaje.

Yanzu akwai mazaunin sama-da-gefe mai inji da 'yar kwamfuta, wanda in ka danna sunan tauraro zai juya ya nemo shi, ya kuma yi ta bin sa. Masu sayarwa kan ce da wannan an gama. Ba a gama ba. Ku lura da Kaza da 'Ya'yanta, ko kowane gungun taurari da kuka sani: yadda yake a kishingiɗe sa'ad da yake fitowa a gabas, ba haka yake ba in ya zo faɗuwa a yamma, ya juya. Mazaunin sama-da-gefe yana riƙe tauraron tsakiya daram, amma ba ya karkata kyamara tare da gungun, saboda haka taurarin gefen hoto sai su riƙa zana baka suna kewaya na tsakiya. Wannan juyawar fili ta fi tsanani a ƙasashen da ke kusa da ikwaita, watau mu ke nan, kuma tana ƙaruwa in abin da kake ɗauka yana kudu ko arewa sak, ko ya matso tsakiyar kai. Amma tana raguwa har ta kusa ɓacewa in abin yana gabas sak ko yamma sak. Don haka mai irin wannan mazauni ya nemi abin ɗaukarsa yana tasowa daga gabas, ya tsaya a daƙiƙa 10 zuwa 30 kowane hoto, ya tara ɗari biyu ko uku, ya haɗe su da Siril ko DeepSkyStacker. Babban gajimaren Oriyon, wanda ke fitowa kusan gabas sak da daren hunturu, ya dace da wannan hanya.

Da wannan dabarar ce ƙananan madubai masu sarrafa kansu suke aiki. Seestar S50, wanda ya fito a 2023 a kan kimanin dalar Amurka 500, gilashinsa milimita 50 ne kawai, yana ɗaukar hotuna na daƙiƙa 10 yana tara su da kansa, ya aiko wa wayarka. Hotonsa na da kyau daidai kuɗinsa. Abin da ya rage mana sha'awarsa shi ne ba shi da wurin sa ido, kuma yaro zai iya shekara da shi bai san gabas daga yamma ba.

Kada kuma a ɗauka sama-da-gefe kayan yara ne. Tun da Tarayyar Sobiyet ta gama madubinta mai faɗin mita 6 a 1975, kusan duk manyan madubai na duniya a kan irinsa suke, sai dai suna da injin da ke juya kyamara don kashe juyawar fili. Ko faifan nan mai faɗin mita 32 na Kuntunse, kusa da Ankara, wanda a da na sadarwa ne aka mai da shi na sauraron taurari aka ƙaddamar a watan Agusta 2017, haka yake motsi. Irin wannan injin juya kyamara dai ya fi ƙarfin aljihun malamin makaranta.

Mazauni mai bin tauraro

Na biyun shi ake kira ikwatoriyal. Hikimarsa ɗaya ce: ana karkata ɗaya daga sandunan juyinsa har ta yi daidai da sandar da duniya ke juyawa a kai, watau ta nuna ƙuryar arewa ta sama, kusa da tauraron arewa. In an yi haka, juyi guda ɗaya, a hankali, da gudu ɗaya wanda ba ya sauyawa, ya isa ya soke juyin duniya. Tauraro ya tsaya, gungun da ke kewaye da shi ma ya tsaya, babu juyawar fili.

Samfurin da ya fi yaɗuwa shi ne na Jamus, mai madubi a gefe ɗaya da ƙarfen daidaita nauyi a ɗaya gefen kamar sikeli. Asalinsa daga Joseph von Fraunhofer ne, wanda a 1824 ya ƙera babban madubin Dorpat, garin da yanzu ake kira Tartu a ƙasar Estoniya, ya haɗa masa injin agogo mai juya shi. Tarihin hoton sama ya dogara a kan irin wannan bi. John William Draper ya ɗauki hoton wata a 1840 da buɗe kyamara na kimanin minti 20. Ɗansa Henry Draper ya ɗauki gajimaren Oriyon a 1880 da kimanin minti 50. A zamaninsu mutum kan kafa ido a ƙaramin madubi na biyu tsawon wannan lokaci yana gyara tafiyar da hannu.

Har yau gyaran bai ƙare ba, domin babu giyar da haƙoranta suka daidaita ɗari bisa ɗari. Kowane zagaye nata sai ta ɗan yi gaba ta ɗan yi baya. Yanzu ƙaramar kyamara ta biyu ce ke tsare tauraro ɗaya, manhajar kyauta mai suna PHD2 tana umartar inji ya gyara. Da haka ake samun hoto na minti 3 ko 5 ko 10 taurari na nan ɗigo-ɗigo. Akwai kuma ƙa'idar da gogaggu ke bi: in kamfani ya ce mazauni na ɗaukar kilo 10, mai hoto kada ya ɗora masa fiye da 5 zuwa 7, a lissafa har da kyamara da wayoyi. Wannan ya sa muke gargaɗi game da ƙananan ikwatoriyal masu siraran ƙafafu da ake haɗawa da madubai masu araha. Suna da sunan, ba su da aikin. In ka ƙwanƙwasa bututun da yatsa ka ga tauraro yana rawa fiye da daƙiƙa 2 ko 3, to wannan mazauni ba zai ba ka hoto ba, kuma ko a kallo da ido akwatin Dobson ya fi shi.

Inda gizo ke saƙa a ƙasarmu

Littafin da ke cikin kwali mutanen Turai da Amurka aka rubuta wa. Zai ce maka ka leƙa ta cikin sandar juyi ka sa tauraron arewa a tsakiya, shi ke nan. Abin da bai faɗa ba shi ne, tsayin wannan tauraro daga gindin sama daidai yake da nisan garinka daga ikwaita. A Landan digiri 51 ne, can sama. A Ankara digiri 5 da rabi. Kumasi bai kai 7 ba, Tamale 9 da 'yan kai, Bawku 11. 'Yan uwanmu na Garwa a Kamaru kusan ɗaya suke da Tamale, na Njamena kuma digiri 12, daidai da Kano. Ka miƙa hannunka ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen kimanin digiri 10 ne. Ke nan a Nima ko Sabon Zango tauraron arewa rabin dunƙule ne daga ƙasa, bayan benaye da turakun lantarki. In kuma hazon hunturu ya sauko, ko a fili kake ba za ka gan shi ba, ga shi kuwa lokacin ne sama ta fi rabuwa da gajimare.

Matsala ta biyu ta ƙarfe ce. Da yake sandar juyi a wurinmu kusan kwance take, ƙarfen daidaita nauyi yakan sauko ya bugi ƙafar mazauni. Wasu samfuran ma maƙunshin karkata su ba ya saukowa zuwa digiri 5 ko 6 ko kaɗan. Don haka duk wanda zai sa a sayo masa ikwatoriyal daga waje, ya sa a duba takardarsa a ga mafi ƙanƙantar digirin da yake karɓa kafin a biya kuɗi, domin mayar da kaya Jamus daga Kumasi ba wasa ba ne. Wanda nasa ya riga ya iso, akwai mafita. Ana ƙara gajeren bututun ƙarfe tsakanin ƙafafu da kan mazauni don ya ɗaga, kuma mai walda na unguwa zai iya yin sa. A wasu samfuran ana iya juya kan yadda ƙarfen nauyi zai faɗo tsakanin ƙafafu biyu, sai dai a rataya wani nauyi a ƙasa don kada kaya su kife. Tun wajen 2022 kuma an sami sababbin mazaunai, irin su ZWO AM5, masu wata irin giya da ba ta buƙatar ƙarfen nauyi in madubin ƙarami ne. Sun dace da mu, in ban da tsada.

Rashin ganin tauraron arewa ma yana da magani, kuma tsoho ne. Da farko ka daidaita sandar da kamfas zuwa arewa, ka karkata ta daidai digirin garinka. Sannan ka kama tauraro ɗaya can sama kusa da layin da ya raba gabas da yamma, ka bar inji yana binsa. In ya riƙa zamewa arewa ko kudu, sandarka ta kauce dama ko hagu, sai ka gyara har zamewar ta tsaya. Daga nan ka kama wani a ƙasa-ƙasa ta gabas. Zamewar wannan tana nuna sandar ta yi sama ko ƙasa da yawa. Daren farko zai ci maka awa guda, daga baya minti 20 ya isa. Mai kwamfuta kuma, manhajar kyauta mai suna NINA tana da hanyar da take ɗaukar hoto a wurare uku na sama ta gaya maka inda za ka murɗa, ba ta buƙatar ganin arewa. In kana da filin gida ko rufin siminti, ka yi wa gurbin ƙafafun nan uku alama da fenti ranar da ka daidaita, gobe ka huta. Kuma kada ka dogara da wutar gida. Batirin mota mai bolt 12 ya isa ya kwana yana juya inji, daren da aka ɗauke wuta kuwa ai shi ne sama ta fi kyau.

Wani zai ce wahalar ta yi yawa. Amma inda muke zaune yana da ladarsa: muna ganin taurarin arewa da na kudu duka. Gicciyen Kudu da dunƙulen taurarin Omega Kentauri, waɗanda mutumin Jamus ba ya gani sam daga gidansa, suna bayyana mana a kudu da daren Afrilu da Mayu.

Abin da kafinta zai iya yi

Wanda ke da kyamara amma ba shi da kuɗin mazauni, ga abin da muke ganin ya fi dacewa da ƙungiyar kimiyya ta makaranta. Wani mutumin Sikotilan mai suna George Haig ya bayyana shi a mujallar Sky & Telescope a 1975. Katako biyu ne, kowanne tsawon kamu ɗaya da rabi, a haɗa su da hinjin ƙofa mai ƙarfi wanda ba ya lilo. A huda na ƙasa a sa ƙusa mai zare, irin wadda ake ɗaure wa noti, yadda in an murɗa ta za ta tura na sama ya buɗe. Sirrin yana wurin awo. In ƙusar mai lamba M6 ce, wadda ke gaba milimita 1 a kowane zagaye, to daga tsakiyar hinji zuwa tsakiyar ƙusa ya zama milimita 228. A murɗa ta zagaye ɗaya a kowane minti, ana bin hannun daƙiƙa na agogo, sai katakon sama ya buɗe daidai da gudun taurari. Ana ɗaure kyamara a kan na sama. Tsinin hinji ya nuna arewa, a ɗaga shi daidai digirin garinku, kuma in ka fuskanci arewa hinjin ya kasance a hagunka, ƙusar a dama. A Ankara ɗan tsinken katako ya isa ɗagawar, tunda kusan kwance abin yake.

Ba zai ɗauki madubi mai nauyi ba, kuma bayan kamar minti 10 lissafin yakan fara kaucewa, sai a mayar da ƙusar baya a sake. Amma da gilashi mai milimita 18 zuwa 50, hoton minti 2 ko 3 a bayan gari zai fito da farin kogin taurarin nan da ya ratsa sama, da dubban taurarin da ido bai taɓa gani ba. Ɗalibin da ya auna milimita 228 da hannunsa, ya kuma gane dalilin lambar, ya koyi kusurwa da da'ira fiye da abin da allo zai koya masa a zango guda. Masu akwatin Dobson ma suna da makamancin wannan, wani dandamali mai karkata da Bafaranshe Adrien Poncet ya fito da shi a 1977, wanda ake ɗora akwatin gaba ɗaya a kai ya bi sama na kimanin awa guda.

Akwai masu tambaya game da jinjirin wata na azumi da na Salla. Hukuncin ganinsa ta madubi na malamai ne, mu dai ɓangaren kayan aiki za mu taɓa. A nan ba a buƙatar dogon buɗe kyamara, don haka ikwatoriyal ba dole ba ne. Wahalar ita ce gano inda jinjirin yake cikin jan hasken magariba kafin ya faɗi, kuma a ƙasashenmu faɗuwar kusan a miƙe take: jinjirin da ke dunƙule ɗaya bisa ƙasa, cikin minti 40 ya tafi. Mazaunin sama-da-gefe mai kwamfuta, wanda aka daidaita tun daren jiya aka bar shi a wurinsa, shi ya fi dacewa, domin zai nuna wurin kai tsaye. Sai dai a jira rana ta faɗi gaba ɗaya kafin a cire murfin gilashi. Hasken rana ta cikin madubi yana ƙone ido nan take, kuma babu magani, saboda haka kada a bar yara su kaɗai da madubi matuƙar rana na sama.